Ƙugiya Ɗaya Tak ta Shiga Tsakanina da 'Yata

Malama Sakinatu, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara don girman Allah. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan ba tare da ya yi min kallon tsohon da rigima ta bi wa jiki ba. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filin shawara ba. Da can ni ake kawo wa rubutu in gyara, yau ga ni ina kawo rayuwata a gyara min.

Ni mutumin Keffi ne, a unguwar Yara aka yanke min cibiya, a nan kuma nake zaune. Na karanta harshe da fassara a jami'a a zamanin da digiri yake digiri. Malamaina suka ce in zauna in koyar, na ƙi, wai ni zan je in yi wa jama'a aiki. Na ƙare ƙuruciyata a wata ma'aikata ina gyara jawaban mutanen da ba su san bambancin ƙasa da kasa ba, su ana tafa musu, ni ina tsaye a bayan zaure riƙe da fayil. Yaran da na koya wa rubuta wasiƙar ofis suka zama shugabannina ina ji ina gani. Ranar da na yi ritaya aka ba ni agogon bango da sunana a jiki, an rubuta sunan ba daidai ba. Yana nan a falona, ban cire shi ba, don in riƙa tuna irin ƙasar da nake ciki.

Ba wannan ya kawo ni ba, ki yi haƙuri, tsufa ne.

Ina da 'ya, autata, Jannatu. Tun rasuwar mahaifiyarta ni da ita ne a gidan. Ta karanta kwamfuta, tana aiki a wani ƙaramin kamfani na matasa a Sabon Gari, a saman wani shagon gyaran waya. Shugabansu wani yaro ne Jonatan, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Suna haɗa wa wani asibitin ido mai zaman kansa manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda za ta riƙa amsa saƙonnin marasa lafiya ta waya, ta ba su ranar ganin likita, ta canza musu, ta soke idan sun fasa. Ni ɗan aike nake kiranta, don aikinta ke nan.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don ni ma sai da aka zaunar da ni. Shi wannan ɗan aike ba ya taɓa rajistar asibiti da kansa. Kayan aiki aka jera masa: ɗaya na ba da rana, ɗaya na canza rana, ɗaya na sokewa, ɗaya na duba sunan mutum, da wasunsu. A jikin kowanne an rubuta ɗan gajeren bayani, mene ne amfaninsa, yaushe ake ɗaukarsa, me ake saka masa. Wannan bayanin shi ne idonsa, shi ne kunnensa. Ba shi da wani babban ma'aikaci a gefe da zai taɓa ya ce, wai me ake nufi a nan? Abin da aka rubuta masa, da abin da aka manta ba a rubuta ba, da su yake aiki.

Jannatu ce ta ce musu suna buƙatar wanda zai karanta bayanan nan ya auna ko a fayyace suke, wanda ya san harshe kuma ba ya jin nauyin kowa, ta ce kuma tana da irinsa a gida. Aikina shi ne in karanta kowane bayani kamar ni baƙo ne da ban san komai ba, in tambayi kaina ko zan iya aiki da shi ba tare da canki-canka ba. Sannan in gwada shi da irin saƙonnin da mutanenmu suke turowa, wani da Hausar cikin gari, wani da Hausar da ya koya a kasuwa, wani ya cakuɗa da Turanci ya ce a shifta masa. Idan na gamsu in sa hannu. Asibitin ya sa sharaɗin sai mai dubawa ya sa hannu kafin su karɓi aikin.

Malama, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin aikin nan. Na ciro tsofaffin kaftanina aka goge. Nakan hau keke da safe kamar kowane ma'aikaci. Karo na farko a rayuwata da aka ce gyaran kalma aiki ne da ake jira, ba wai abin da ake yi wa mutum alfarma a saurara ba.

To ga inda gizo ya yi saƙa. A bayanin kayan sokewa an jera kalmomin da idan marar lafiya ya faɗe su, sokewa yake nufi: soke, fasa, cire, sai kuma dage. Haka aka rubuta ta, da d marar ƙugiya. Ke kin sani, ni na sani, kalmomi biyu ne a nan masu ma'ana uku. Akwai ɗage ta ɗage takunkumi, an kawar da shi ke nan. Akwai ɗage ta ɗage taro, yana nan, an dai matsa da shi gaba. Akwai kuma dage, mutum ya kafe a kan abu ya ƙi saki. A baki ba mai ruɗa su, ko yaron goye. Amma wa yake sa ƙugiya a waya? Duk dage ake rubutawa. Wanda ya ce a matsa masa gaba, da wanda ya ce shi fa ya dage zai zo duk da ruwan sama, duk an koya wa ɗan aike ya goge sunansu. Bayanin kuma bai faɗa masa cewa sokewa ba ta da dawowa ba, alhali da an soke, nan take gurbin yake tafiya ga na bayansa a layi.

Na nuna musu. Aka ce an gode Baba, za a duba, ƙaramin abu ne, ai na'urar tana da wayo, yawanci tana gane abin da ake nufi daga sauran maganar. Na saba da za a duba, da ita na yi furfura.

A lokacin an riga an fara gwaji da marasa lafiya kaɗan. Cikinsu akwai Filomina, matar wani abokin aikina da ya rasu, 'yar ƙabilar Eggon, tana sayar da doya a Sabon Gari. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Ta daɗe a layi kafin ta sami ranar aiki, don likitan daga Abuja yake zuwa, kuma ba kullum ba. Sai aka yi mata rasuwa a ƙauye. Ta rubuta da sauran ganinta cewa a dage mata ranar, tana da biso, wato jana'iza. Ɗan aike ya amsa mata da ladabi cewa an yi. Ta dawo ta je asibiti tambayar sabuwar rana, aka ce ai ke kika soke, an ba wani. Ta biyo ni har gida, don ta ji 'yata na cikin masu abin. Ba ta yi faɗa ba, dariya ma ta yi, ta ce Malam ashe kwamfutarku ba ta jin Hausa, gara ni da kuke yi wa Hausata dariya. Da za ta fita sai da ta lalubi bakin ƙofa da hannu.

Ranar na zauna na rubuta rahoto. Na zuba duk abin da na sani. Na kawo asalin kalmomin, da ajin aikatau da kowacce take, da karin sauti, da tarihin yadda aka sa wa haruffanmu ƙugiya. Ya wuce shafi goma. A ƙarshe na rufe da cewa duk wanda ya rubuta wannan bayani ya cancanci a mayar da shi aji uku na firamare, a kuma karɓe masa biro har sai ya girma. Jonatan ya karanta ƙarshen a taronsu na safe, a gaban kowa, yana tsammanin abin dariya ne. Aka yi dariyar. Sai Jannatu ta ɗaga hannu ta ce ita ta rubuta.

Wallahi ban sani ba. Ba a sa suna a jikin bayanan.

Bayan taron Jonatan ya same ni ya ce ya karanta rahoton sau biyu, ya ƙaru, amma har yanzu bai ga abin da nake so su rubuta a madadin wancan ba. Na ce masa ni mai aunawa ne, ba magatakardansu ba. Ya ce duk gyaran da aka yi sai an sake gwaji daga farko, ga shi ranar Litinin za su miƙa aiki, kuma wannan ne babban aikinsu na farko, idan ya kuɓuce wasu yaran sai sun koma gida. Ya roƙe ni in sa hannu, da zarar an miƙa za su gyara, ya yi alkawari. Na ce ba zan sa ba. Idon mutane ba wurin canki-canka ba ne. Daga nan yaran suka sa wa ƙin sa hannuna suna takunkumin Baba.

Sai abin da ya fi ci min rai. Shekaranjiya Jannatu ta turo min saƙo daga ofis, na farko tun ranar taron, ta ce: Baba, takunkumin nan naka fa? Na amsa mata da kalma biyu: Na dage. Abin da nake nufi a fili yake, ina nan a kan bakana. Wayata ba ta da ƙugiya, amma ai wannan kalmar ba ta buƙatarta. Ita kuwa ta karanta na ɗage. Ta tashi da murna ta gaya wa Jonatan cewa Baba ya sauko, ya kira asibiti ya ce komai ya kammala. Washegari na shiga ofis aka tarbe ni da fara'a, aka miƙo min biro. Na ajiye shi a kan tebur. Kin ga an kunyata ta sau biyu a gaban mutane ɗaya, duka biyun kuma ta hannuna.

Na san abin da za ki ce, kar ki wahalar da kanki, ni ma na gani. Amma ita ba na'ura ba ce. 'Yata ce, ta san ni tun tana cikin zane. Yaushe ta taɓa ganin na sauko daga gaskiya? Me ya hana ta buga waya ta ji da kunnenta?

Yanzu takan dawo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye abinci, ta shige ɗaki. A ofis dama Malam take ce min saboda aiki. Yanzu har a gida Malam take cewa.

Hannu dai ba zan sa ba, wannan na gama yanke shi. Na yi shekaru ina kallon ana sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, ba zan ƙare rayuwata a cikin sahunsu ba. Abin da nake tambaya shi ne, in ajiye aikin kafin Litinin su nemo wanda zai sa musu, ita ta huta da abin kunya, ni in koma ƙarƙashin agogona? Ko in tsaya in zama sanadin rushewar aikin 'yata? Duk ta inda na duba, ita nake asara.

Tsohon Mai Gyaran Rubutu, Yara, Keffi


Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka, kuma ita a fayyace take, ban yi canki-canka a ko'ina ba. Bari in fara da abin da ba ka tambaye ni ba: kana da gaskiya, kar ka sa hannu a kan wancan bayanin yadda yake. An kawo ka ne don ka ce a'a a inda ya kamata. Mai dubawar da yake sa hannu bisa alkawarin za a gyara ado ne kawai. Filomina kuma ba misali ba ce a cikin rahoto, mace ce da take lalubar ƙofa.

Amma ajiye aiki ba mafita ba ce. Idan ka tafi za a samo mai sa hannu kafin la'asar, kalmar tana nan inda take, wata Filominar tana tafe. Jannatu kuma ba hutawa za ta yi ba. Za a ce ta kawo mahaifinta ya zage ta, ya watsa musu aiki, ya kama gabansa. Kunya ta uku ke nan.

Ka kuma yi wa yaran nan adalci. Kamfanoni nawa ne za su ɗauko dattijo su ce ya auna musu kalma? Jonatan bai ce ka yi ƙarya a kan harshe ba, tsoro ne yake cinsa, ga ma'aikata a wuyansa. Kuma ya yi maka tambaya mafi kyau da aka taɓa yi maka a wurin aiki: me kake so mu rubuta? Shekaru ka yi kana jiran wani ya yi maka ita a waccan ma'aikatar. Da ta zo, sai ka amsa wa yaron da fushin da ka tara wa wasu.

Kai ka koya min a wasiƙarka cewa bayani mai kyau shi ne wanda baƙo zai karanta ya san abin da zai yi. To ɗauki rahotonka ka auna shi da wannan mudun. Shafi fiye da goma, mai karatu ya bi shi sau biyu, ya fito bai san inda zai sa hannunsa ba. Da wani ne ya kawo maka shi, za ka sa masa hannu? Saƙonka na kalma biyu ma haka. Ka ce ita ba na'ura ba ce. Gaskiya ne, shi ya sa ta ruɗe. Na'ura ba ta da abin da take fata. Jannatu kuwa ta kwana tana fatan mahaifinta ya sauko, ta tambaye ka da kalmar takunkumi, ta ga amsar da ta dace da takunkumi, zuciyarta ta sa mata ƙugiyar da ba ka sa ba. Ta yi kuskure da ba ta kira ka ba. Kai ma da ka san tarkon nan fiye da kowa a Keffi, ka haƙa shi da hannunka. Laifi tudu ne, Malam.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma lokaci bai ƙure ba. Ka ajiye dogon rahoton. Ka ɗauki rabin shafi ka rubuta musu gyaran da kansa, da kalmomin da za su kwafa kai tsaye. A cire dage daga jerin sokewa. A gaya wa ɗan aike cewa duk inda ya ga wannan kalma, da ƙugiya ko babu, kar ya taɓa komai sai ya tambayi mai saƙon: sokewa kake nufi, ko canza rana, ko kana nan a kan zuwanka? A kuma rubuta masa ƙarara cewa sokewa ba ta da dawowa, don haka sai marar lafiya ya tabbatar da bakinsa. Ka haɗa da saƙon Filomina da wasu irinsa waɗanda za su gwada da su. Sauran bayanan da ka gamsu da su ka sa musu hannu yanzu, Jonatan ya ga ba aikin kake so ya mutu ba. Ka ce masa kana nan Asabar da Lahadi idan za a sake gwaji. Idan duk da haka bai kammala ba, ku je asibitin tare a nemi ƙarin kwanaki. Asibitin da ya sa sharaɗin mai dubawa zai fi son jinkiri da gaskiya a kan marasa lafiya su riƙa ɓacewa daga layi. Ku tafi da maganar Filomina a wannan zaman, a ga yadda za a mayar mata da gurbi, tunda ba ita ta soke ba.

Rabin shafin nan kuma kar ka rubuta shi kai kaɗai. Ka kai wa Jannatu, ka ce ba ka san yadda ake jera wa na'ura magana ba sai da ita, don gaskiya ne. Kafin nan ka ba ta haƙuri a kan maganar aji uku. Rashin sanin ita ta rubuta bai wanke ka ba, don da ɗan wani ne ma bai cancanci haka ba. A gida za ka fara, da baki, ba ta waya ba. Sannan ka maimaita a taron safe, a gaban waɗanda suka yi dariyar. Girmanka ba zai zube ba. Yarinyar da ta ɗaga hannu a gaban kowa ta ce ni na rubuta, a gidanka ta koyi wannan. Waccan ma'aikatar ta rubuta sunanka ba daidai ba a jikin agogo, ita kuwa ta faɗe shi daidai a inda ake neman mai gaskiya. Kar ka sa ta biya bashin da ba ita ta ci ba.

A kan sa hannu, ka dage, da d marar ƙugiya. Ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta kuwa, kar ka ɗage shi zuwa gobe.

Allah ya ba Filomina lafiyar idonta, ya sa aikin yaran nan ya amfani jama'a, ya kuma sa kafin Litinin ka sake jin an ce maka Baba a cikin gidanka.

Sakinatu